Aikin bazara ga sabon manomi: da me zan fara kafin ruwa ya sauka?

Sabon Manomi, Damagaram

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Bana nake son in fara noma da hannuna. Kawuna ya ba ni aron gona wajen Dogo, kudu da Damagaram, za ta kai hekta 2. Yawancinta jigawa ce, sai gefen gabas da ke da fako wanda ko ƙarangiya ba ta fitowa. Karan bara na nan kwance, ga sabara da kalgo sun toho ko'ina. Yanzu muna farkon Afrilu. Abin da ke hannuna shi ne takin awaki na gida, bai wuce amalanke biyar ba, da kuɗin buhu ɗaya na takin zamani. Da me ya kamata in fara? In share in ƙone yadda maƙwabta ke yi? Wane iri zan nema? Masana a taimaka da bayani dalla-dalla, Allah ya saka.

Malamin Gona, Mirya

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi dabara da ka yi tambaya tun yanzu, domin kana da wajen wata biyu a gabanka. A yankinmu shukar gaske ta fi faɗowa cikin Yuni, wata shekarar har farkon Yuli.

Abu na farko, gonarka biyu ce ba ɗaya ba. Jigawa da fako ba su son aiki iri ɗaya. Jigawa tana shan ruwa nan take, matsalarta yunwa da iska. Fako kuwa samansa ya daskare, ruwa ke gudu a kansa bai shiga ba. Wanda ya haɗa su ya yi musu magani ɗaya ya yi asarar ƙarfinsa.

Fakon shi ke son tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa don su tara ruwa da taki. Da diga za ka haƙa, hauya ba ta iya shi. Faɗin bakin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami taku ɗaya babba, wato kamar mita 1. Ƙasar da ka fido kada ka watsar, ka tara ta a gefen gangare na ramin ta yi ɗan lanƙwasa, don ta tare ruwan da ke gangarowa. In ka tara ta gefen tudu ka toshe wa raminka hanyar ruwa, kuma wannan kuskuren ya fi kowane yawa wurin sababbi. Layi na biyu kada ya daidaita da na farko: kowane rami ya faɗo tsakanin biyu na layin samansa, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wancan zai faɗa wannan. Kowane rami ka zuba taki cikin tafi biyu, kimanin giram 300, ka rufa da ƴar ƙasa don iska. Gara za ta zo ta huda ƙasan ramin tana jan takin, kuma waɗannan hudojin su ne hanyar ruwa. Saboda haka a bazara ake haƙa tassa, ba ranar shuka ba. Ka ba ta ko wata ɗaya.

Ga lissafi. Hekta ɗaya rami 10,000 ne, taki tan 3, aiki kuma ana ƙiyasta shi awa 300 ko fiye. Kai kaɗai ba za ka iya ba cikin wannan rana. Ka yi rami 1,000 bana, taki kilo 300 ke nan, baɗi ka ƙara. Kuma kada ka kai tassa jigawa: iska ɗaya za ta cike ramukan da rairayi.

Sauran takin kada ka warwatsa shi a hekta 2, zai ɓace ba ka ga amfaninsa ba. Zaɓi rabin hekta ko ƙasa da haka ka ba shi duka, baɗi ka matsa gaba. Ka kai shi yanzu tun masu amalanke ba su yi tsada ba, ka jibge shi tsibi-tsibi, taku goma tsakani, ka yafa wa kowane tsibi rairayi. Bajewa sai hadari ya fara haɗuwa, in ba haka ba rana da iskar Mayu su cinye rabinsa. In za ka ƙara da shara ta juji daga gari, a tace ta: leda, kwalba da tsohon batir ba su da aiki a gona. Takin da ake ruɓarwa a rami ya fi ɗanye nesa, don zafin ruɓa yana kashe ƙwayar ciyawa, amma yana son wajen wata biyu ana ba shi ruwa ana juyawa. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram cikin bazara, don haka in ba rijiya kusa, ka bar wannan sai bayan girbi.

Takin zamani kuma, buhu ɗaya ya isa in ka bi rami-rami maimakon watsawa. NPK 15-15-15 giram 6 kowane rami, cikin marfin kwalbar lemo ke nan. Buhun kilo 50 zai yi maka rami 8,000 da ɗoriya, ya kusa hekta ɗaya. In ka samu DAP ya fi arha a lissafi: giram 2, abin da yatsu uku ke ɗauka, kilo 20 a hekta, buhu ɗaya ya gama gonarka har da saura. A gefen ramin ake sa shi, kada ya kwanta kan iri, kuma sai ƙasa na da laima. Ure ba ta shiga ramin shuka sam, tana ƙone tsiro. Tata sai bayan cira, wato rage tsiro a rami, a binne ta gefen gindi bayan ruwa.

Tsarin yini: ka fita bayan sallar asuba, ka tashi da hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma. Rana a Afrilu da Mayu tana wuce digiri 40 a inuwa. Ka koma bayan la'asar in da ƙarfi. Jarkar ruwa da fura su riga ka isa gindin itace. In kai ya fara sarawa ko gumi ya ɗauke, a bar aiki a nemi inuwa, ba jarumta ba ce.

Mai Gawo, Magarya

Malam ya gama maganar taki. Ni kan ƙonawa zan tsaya. Ɗana, kada ka ƙone. Na san gonar da aka share tas aka ƙone ta fi kyan gani, mutane ma za su ce wane ya iya aiki. Amma hadarin farko da iska yake zuwa kafin ruwa, kuma iskar nan daga gabas tana kwasar rairayi ta yi ta bugun tsiron gero har ta yanke shi ko ta rufe shi. Gonar da ke da kara a kwance ita ke tsira, domin karan na riƙe rairayin. Ka tuge kututturan gero, ka kwantar da su tare da karan a gicciyen iska, wato kudu da arewa. Mafi yawa ka kai kan fakon nan da duk inda ka ga ƙasa ta zaizaye.

Akwai sharaɗi ɗaya. Ka tsaga kara goma daga wurare daban-daban. In ka tarar da rami a ciki da farar tsutsa kwance, tsutsar kara ce ke jiran damina. Irin wannan karan ka kwashe shi ka ba dabbobi ko a yi girki da shi kafin ruwa. Shi ma wanda aka baje a fili rana ta gasa shi ya fi wanda aka jingine a inuwa ko aka yi danni da shi aminci, don zafi na kashe tsutsar. Ka riƙa ɗaga kara da sanda, ba da hannu ba. Kunama da maciji can suke fakewa.

Sai sabara da kalgo. Sassaben da shi ne a sare komai a tara a sa wuta. Sassaben zamani, wanda ya faro daga wajen Maraɗi cikin shekarun 1980, shi ne ka zaɓa. Kowane kututture ka duba rassan da suka toho, ka bar uku zuwa biyar mafi miƙewa da ƙarfi, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka sassabe musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu, kada ka wuce, in ka tsiraita su iska ta karya su ko akuya ta lanƙwaso ta cinye kan. Adda ta yi kaifi sosai, kuma daga ƙasa zuwa sama ake sara, don saran da ya zo daga sama yana ɓare ɓawo ya bar ciwo. Ka ɗaura tsumma a jikin wanda ka bari, masu neman itace su san da mai shi. Ba kowane kututture za ka raya ba. Taku goma zuwa sha biyar tsakani ya isa a fara. Rassan da ka sare, ganyensu taki ne, a shimfiɗa su kan fako.

Gawo kuwa ka neme shi da ido. Ƙaraminsa ƴar ƙaya ce fara-fara da sabon manomi zai share bai sani ba. Ka kafa masa sanda. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, ya yi ganye da rani dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki. Duk wanda ya bi hanyar Matamai zuwa Magarya ya ga yadda geron gindin gawo ke fin na fili. Ba a saran babbansa sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ko a gonarka yake. A 2020 gwamnati ta fitar da doka kan sassaben zamani da ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raya, amma tunda gonar aro ce, ku yi maganar itace da kawunka tun yau.

Iyaka kuma, yanzu ne lokacin dasa aguwa. Ka yanko rassa tsawon kamu ɗaya, ka bar su kwana biyu a inuwa bakin ya bushe, ka kafa su cikin busasshiyar ƙasa. In ka jira damina ta zauna ruɓewa suke. Ka kiyayi ruwanta kada ya shiga ido.

Hajiya Mai Iri, Matamai

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, maganar iri kada ka bar ta sai ranar da aka yi ruwa, ranar nan kowa ke gudu Kasuwar Dole ya sayi abin da ya samu. Geron ci daban, iri daban. Na kasuwa gauraye ne, da mai saurin nuna da mai nauyi da shibra duk a tiya ɗaya.

Hanya biyu gare ka. Ko ka nemi damin iri wurin tsohon manomi na garin, wanda ya zaɓi zangarniya tun a gona. Shi ka sussuka da kanka, ka karye kai da gindin zangarniyar ka ɗauki tsakiya, nan ƙwaya ta fi cika. Ko ka sayi ingantaccen iri mai takarda a jikin buhu, wurin masu sayar da kayan noma ko ta hannun malamin gona na karkararku. HKP na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, yana nuna cikin kwana 80 zuwa 90, ya kuma saba da jigawa. SOSAT-C88 ma kusan haka. Akwai Chakti mai sauri sosai, wajen kwana 65 zuwa 70, amma in kai kaɗai ka shuka shi a karkara, naka zai riga na kowa nuna, tsuntsayen gari duka su sauka gonarka. Shawarata ka raba: rabi irin garin, rabi HKP. In damina ta yi tsawo na gida ya biya ka, in ta yanke da wuri mai sauri ya fid da kai. Ka sani gero yana barbara da na maƙwabta ta iska, don haka ingantaccen iri ana sabunta shi bayan kamar shekara uku.

Yawa: kilo 10 a hekta, wajen tiya huɗu. Ka tanadi ninki, domin sake shuka ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan. Ka ɓoye shi inda ba za a daka shi ba in hatsin gida ya ƙare.

Gwaji kafin ka dogara da shi: ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, ka jera a tsumma mai laima, ka naɗe, ka sa a inuwa kusa da randa, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe ka ƙirga. In 80 ko fiye suka tsiro, iri ne. In tsakanin 60 da 80 ne, ka ƙara yawan ƙwaya a rami. Ƙasa da haka a kai shi turmi.

Maganin iri: Apron Star, ƙunshi ɗaya na giram 10 yana yi wa kilo 4. Ka ɗan yayyafa wa irin ruwa kaɗan, ka zuba maganin cikin tsohuwar roba mai marfi ka girgiza har kowace ƙwaya ta rine. Yana kare tsiro daga ƙwarin ƙasa da kuturtar gero. Ranar shuka ko jajibirinta ake yi, a sa leda a hannu, kada a yi a ƙwaryar abinci. Abin da ya rage guba ne, ba na ci ba ne, ba na kaji ba ne.

Wake ka nemi TN5-78 ko IT90K, su ma ba su wuce kwana 70 zuwa 75. Yana shiga tsakanin layin gero bayan kamar mako biyu. In za ka taɓa gyaɗa, 55-437 ce aka sani, kwana 90. Ka saye ta da ɓawonta, kada ka ɓare sai saura mako ɗaya ko biyu, kuma da hannu, don ƙwayar da fatarta ta saluɓe ba ta fita. Ka tambayi kawunka inda ƙuduji ya fi fitowa bara. Ƙwayarsa na yin shekara goma da ɗoriya a ƙasa tana jiran saiwar gero. Wurin ka sa masa gyaɗa ko riɗi bana.

Ɗan Kofo

Ƙari kaɗan. Aro tsakanin ɗa da kawu ba ya hana takarda. Gonar da ta mutu ba mai waiwayarta, amma ranar da tassa ta yi gero, magada za su tuna da ita. Ku je wurin mai gari da shaidu, hukumar filaye ta gari, wadda ake kira Kofo, tana rubuta takardar aro: shekara nawa, iyaka daga ina zuwa ina, itace na wa. Dokar karkara ta 1993 ce ta kafa wannan tsari. Ka nemi aƙalla shekara uku zuwa biyar, don taki da tassa ba a cin ribarsu duka a damina ɗaya. Ka kuma duba ko gonar na bakin burtali. In haka ne kada ka ci ko taku ɗaya daga cikinsa.

Sabon Manomi, Damagaram

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya. Maƙwabcin gonar ya ce shi tsakiyar Mayu yake binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, wai in jira ruwa ɓata lokaci ne. In bi shi?

Ba'are, Tanut

Mu nan arewa binne ba zaɓi ba ne ga mai babbar gona. Daminarmu gajera ce, ruwan shekara sau da yawa bai kai milimita 300 ba, kuma mai hekta 10 ba zai iya gama shuka cikin kwana biyun da laima ke yi ba. Geron binne yana tashi da ruwan farko, ya riga ciyawa, ya ci ƙarfin ƙasa na farkon damina.

Amma yana da ƙa'ida. Gero kaɗai ake binnewa, ban da wake, ban da gyaɗa. A jigawa, ba a fako ba. Ba a sa takin zamani a ramin. Ana ɗan zurfafa shi fiye da shukar ruwa, don yayyafi kada ya kai gare shi, kuma a sa masa magani saboda ɓeraye, tururuwa da zabi. Abin da ke kashe binne shi ne ɗan ruwan da ya isa ya tada ƙwaya amma bai isa ya raya ta ba: ta tsiro, rana ta biyo kwana goma, ta ƙone. Shi ya sa wanda ya binne tun saura wata guda yake yawan yin shuka biyu. Kusa da lokaci ake yi, in iska ta juyo daga kudu maso yamma, dare ya yi gumi, gawo ya fara zubar da ganye, shamuwa ta iso. Manoma na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Kuma da irin gida ake binne, ba da na saye mai tsada ba.

Malamin Gona, Mirya

Gaskiya ne ga Tanut, amma Dogo ba Tanut ba ce, hekta 2 kuma ba hekta 10 ba ce. Mutum uku za su shuke ta cikin kwana biyu. Ƙanena, in kana son ka koyi binne, ka yi a kwata ɗaya da irin gida, farkon Yuni. Sauran ka jira ruwa.

Ruwan shuka yana da ma'auni. Ka sami gwangwanin tumatir babba mai miƙaƙƙen jiki, ka cire bakin duka, ka ɗora shi kan turke a fili nesa da itace. Bayan ruwa ka tsoma tsinke ka auna da abin awo na ƴan makaranta. Santimita 2 na ruwa a gwangwani shi ne milimita 20, kuma shi ne abin da ake nema, a ruwa ɗaya ko cikin kwana biyu zuwa uku a jere. Sannan ka tona ƙasa da hannu a wuri uku. In laima ta kai ɗani ɗaya, shuka. In ka tarar da busasshen rairayi bayan yatsu huɗu, ruwan yaudara ne, ko da gari duka ya fita. Ruwan Mayu ko ya cika ma'auni a yi hattara da shi, don sau da yawa fari na mako biyu ko uku ke biyo shi. Ka riƙa sauraron hasashen ma'aikatar yanayi a rediyo, suna faɗin ko damina za ta zo da wuri ko a makare.

Ranar shuka a fita da asuba. Mutum ɗaya na gaba da sungumi yana sara taku-taku, kada ya gajarta taku in ya gaji, nan ne layi ke cushewa. Mai iri na biye, yana jefa abin da yatsu uku suka ɗauka, ya rufe da ƙafa ya ɗan taka da diddige don ƙwaya ta manne da laima. Mai taki na gefensa. Zurfi santimita 3 zuwa 5: in ya fi haka tsiro ya gaji kafin ya fito, in bai kai ba saman ƙasa ya bushe ya gasa shi. A jigawa kwana biyu gare ka bayan ruwa, na uku caca ne. Ka fara da jigawar, tassa ta jira, ita tana riƙe laima.

Gero na fitowa kwana uku zuwa biyar. A kwana na bakwai ka zagaya ka cike gurbin da bai fita ba. Noman firi da cira tsakanin kwana 15 da 21, a bar uku mafi ƙarfi a kowane rami, kuma bayan ruwa ake cira don saiwar na kusa kada ta motsu. Ka kai hauya da sungumi wurin maƙeri tun cikin Afrilu, ka sa a gyara ƙota. Ranar da aka yi ruwa layin da ke ƙofarsa ya fi na gidan mai.